ABIN DA YA ƁATA ZANGO NA BIYU: DAGA VINCI ZUWA SHARAƊA

Duk wanda ya taɓa rubuta littafi na ɗaya ya sami karɓuwa ya san irin fargabar da ke tattare da na biyu. Mai karatu ya riga ya ɗanɗana, ɗan kasuwa ya ƙagu, kai kuma marubuci ka zazzage abin da ka shekara da shekaru kana tarawa a cikinka. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗan leƙa waje, mu dubi wani wasan talbijin na Amurka mai suna True Detective, wanda tashar HBO ta fara nunawa a 2014. Zangonsa na farko ya sha yabo, na biyu kuwa, wanda ya fito a 2015, ya sha zagi. Mu kanmu da muka karɓo shi a waya daga wurin masu tura finafinai muna cikin waɗanda suka yi tsaki. Sai dai da muka sake zama muka kalle shi a natse, mun ga cewa tsakin yana bisa hanya, amma dalilan da aka fi bayarwa ba su ne ainihin ciwon ba. Ciwon kuwa ya shafe mu, mu marubutan Kano, fiye da yadda muke zato.

Tsarin wasan ba baƙo ba ne a wurin wanda ya karanta Magana Jari Ce. Suna ɗaya ne, amma kowane zango da nasa labarin, da nasa taurarin, da nasa garin. Sai dai shi Abubakar Imam ya bar mana aku da Musa a matsayin igiyar da ke riƙe da labaran, a nan kuwa ba abin da ya haɗa zangon farko da na biyu sai marubucin, Nic Pizzolatto, da kuma cewa za a yi kisa, 'yan sandan ciki su bi sawu. A zangon farko, jami'ai biyu ne a jihar Luwiziyana, Rust Cohle da Marty Hart, waɗanda Matthew McConaughey da Woody Harrelson suka fito a matsayinsu. An kashe wata mata a 1995, sai ga su a 2012 an zaunar da kowanne daban yana ba da labarin yadda suka yi binciken. Mutum ɗaya, Cary Fukunaga, shi ya ba da umarni a dukkan kashi takwas ɗin. Ɗaya jami'in mai zurfin tunani ne da baƙar magana, ɗayan mutumin gida ne mai ƙaryar kamun kai. Ko ba a kama kowa ba, hirar da suke yi a cikin mota ta isa ta riƙe mai kallo.

Zango na biyu ya koma Kalifoniya, wani ƙirƙirarren gari mai suna Vinci. An tsinci gawar babban jami'in mulkin garin, Ben Caspere, a gefen titi, an ƙone masa idanu. Taurari suka zama huɗu: Ray Velcoro (Colin Farrell), ɗan sandan da ya sayar da kansa; Ani Bezzerides (Rachel McAdams); Paul Woodrugh (Taylor Kitsch), tsohon soja mai ɓoye wani sirri; sai Frank Semyon (Vince Vaughn), ɗan ta'addar da ke son ya wanke hannunsa ya zama attajiri, ya zuba dala miliyan 5 a cinikin filayen da layin dogo zai ratsa, kuɗin suka bi mamacin.

Koke-koken masu kallo sun taru a wuri uku ko huɗu. Wasu suka ce labarin ya cukurkuɗe, har sai da jaridu suka riƙa buga dogon bayani na wane ne wane kafin kashin ƙarshe. Wasu suka ce ba wanda ke dariya a cikinsa, kowa fuska a murtuke kamar an aiko masa da mutuwa. Wasu suka ɗora wa Vince Vaughn, wanda aka saba gani a wasan barkwanci, suka ce kalaman da aka sa masa a baki sun fi ƙarfinsa. Akwai kuma waɗanda idan ka tone maganarsu, kewar Rust da Marty kawai suke yi. Waɗannan na ƙarshe ba mu tare da su. Tun farko an faɗa musu ba za a dawo da mutanen ba, kuma wanda ya sayi na biyu don a maimaita masa na ɗaya, shi ya yaudari kansa. Mun ga irin wannan a gida lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira a 2022. An yi ta cece-ku-ce a kan fuskar da za ta zama Sumayya, kaɗan ne suka tambayi inda labarin kansa ya dosa.

Batun gaggawa kuwa gaskiya ne, domin shugaban shirye-shiryen HBO na lokacin, Michael Lombardo, ya fito a farkon 2016 ya amsa cewa shi ya matsa wa marubucin ya kawo zango na biyu kafin ya nuna. Sauri ya haifi nawa. Wannan ba sai an yi wa wanda ya yi zamanin littattafan Bata da Sabon Gari bayani ba. Mun san yadda ake raba labari ɗaya gida uku don a ci riba sau uku, mun kuma san na biyun da ake rubutawa cikin mako biyu saboda na ɗaya ya ƙare a kasuwa. Amma gaggawa tana bayyana dalilin da ya sa ba a gyara ba ne kawai, ba ta nuna abin da ya kamata a gyara.

A ganinmu ga inda gizo ke saƙar. Vinci an kwaikwaye shi ne daga wani gari na gaske mai suna Vernon, kusa da Los Anjeles. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 112 kacal a matsayin mazaunansa, alhali dubban ma'aikata ne ke kwararowa cikinsa kowace safiya su fice da yamma. Gari ne na masana'antu zalla, wanda 'yan tsirarun masu jefa ƙuri'a suka sa wasu iyalai suka daɗe suna juya shi. Tsohon magajin garin, Leonis Malburg, kotu ta same shi da laifin maguɗin zaɓe a 2009. A 2015, shekarar da aka nuna wasan, aka rufe masana'antar narka tsofaffin batura ta Exide da ke garin saboda dalmar da ta gurɓata unguwannin talakawan da ke kewaye. Marubuci ya sami irin wannan wuri a hannunsa, ai ya sami taska. A cikin labarin ma akwai ƙullin da ya fi kowanne nauyi: an zuba guba a filaye da gangan don farashinsu ya faɗi, manya su saye da arha kafin layin dogo ya iso.

To me aka yi da wannan ƙulli? An ba mu shi ne a baki. Wani ya faɗa wa wani a ofis, wani ya nuno takarda. Tsakanin fage da fage sai a ɗauko mana hoton tituna da bututun hayaƙi daga sama, kamar yadda shirwa ke ganin gari. Ba a ba mu tauraro ko ɗaya daga cikin masu shiga masana'antun nan da safe ba, ba uwar da ɗanta ya sha ruwan, ba manomin da gonarsa ta mutu. Da aka zo warware ƙulli kuma, sai ga shi wanda ya kashe Caspere wani maraya ne da ke ramuwar iyayensa da aka kashe a wani fashin shagon lu'ulu'u a 1992, mutumin da aka nuna shi sau ɗaya a gurguje can baya, mai kallo ya riga ya manta da shi. Wato an gina gida a kan laifin da aka yi wa gari guda, aka rufe shi da jinkar ramuwar mutum ɗaya. Mai kallo bai san sunan wannan aibi ba, shi ya sa ya ce labarin ya rikice. Labari yakan yi wuyar bi ne idan ba wanda ka damu da shi a cikinsa. Wanda ya damu da Ruwan Bagaja bai taɓa kukan yawan garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa ba.

Kada mu yi rashin adalci, akwai abin yabo. Colin Farrell ya yi wasa mai taɓa zuciya, musamman tsakaninsa da yaron da bai tabbata nasa ba ne. Ƙarshen ma ya yi jarunta: Paul ya mutu, Ray ya mutu, Frank ya faɗi a hamada, manyan ɓarayin suka yanke ƙyallen buɗe aikinsu, Ani kaɗai ta tsira zuwa Benezuwela da takardun shaida ta miƙa wa ɗan jarida. Wannan ya fi zangon farko gaskiya, inda aka kashe dodo ɗaya aka bar masu gidansa. Shi ya sa daga baya wasu suka dawo suna cewa an zalunci zangon. An ɗan zalunce shi, amma shi ya fara zaluntar garinsa.

Laifi tudu ne. Mu da muke wannan sharhi, Vinci uku gare mu a Kano, kuma ba mu rubuta ko ɗaya ba. Bompai ce babba a shekaru, ga Sharaɗa mai kashi uku, ga Chalawa ta wajen Panshekara. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen masana'antun jima ya san warin kafin ya ga ginin. Jimar zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, ba da bagaruwa irin ta majeman cikin birni ba, kuma ruwan da ya fito dole ya tafi wani wuri. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Chalawa, kogin da birnin ke ɗibar ruwan sha daga gare shi. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke ban ruwa, latas ɗinsu da alayyahonsu kuma kasuwa suke zuwa. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna auna wannan ruwa suna rubuta sakamako da Turanci, a ajiye a kanta. Ƙasar nan ma ta san irin wannan laifi tun 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, kafin NESREA ta zo a 2007.

Ga kuma ɗaya fuskar. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar atamfa da yadi daga waje, masana'antu da yawa a waɗannan unguwanni suka rufe ƙofa. Wasu sun zama rumbunan ajiye kaya, wasu ciyawa ta cinye harabarsu. Ina mutanen da ke amsa jiniyar safe suka tafi? 'Ya'yansu me suka zama? Hedikwatar 'yan sandan jiha ma a Bompai take, tsakaninta da masana'antun ba nisa. Wanda ke neman wurin da zai dasa labarin bincike, me ya rage masa kuma?

Ba wai ba mu da gadon rubuta laifi ba ne. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauye har birni ya lalata shi. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, Bature Gagare kuma da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Waɗannan sun gane cewa ɓarawo ba daga sama yake faɗowa ba, akwai wanda ya share masa hanya. Daga baya soyayya ta mamaye kasuwa, masana'anta ta koma abin ado: a ce mahaifin yarinya yana da kamfani a Sharaɗa, shi ke nan, an nuna mai kuɗi ne. Ba a taɓa shigar da mu ciki mu ga wanda ke tsoma hannu a kwatamin jima ba. A talbijin, Kwana Casa'in na Arewa24, wanda ya fara a 2019, ya ƙirƙiri Alfawa kamar yadda aka ƙirƙiri Vinci, ya kuma yi ƙoƙari wajen haɗa ɗan jarida da asibiti da gidan gwamnati a ƙulli ɗaya. Shirye-shiryen daba irin su A Duniya sun kawo mana lungu da yarensa. Amma har yanzu laifi a wurinmu sai da wuƙa da jini a riga. Laifin da ake yi da sa hannu a takarda, wanda ke fita ta bututu da tsakar dare, bai sami marubucinsa ba.

Mun san dalili, ko wani ɓangarensa. Ɗan daba yana da fuska, bututu ba shi da ita. Kuma ɗan daba ba zai kai ka kotu ba. Sai dai maganin na biyun tsohon abu ne, a sake wa gari suna, a sake wa kamfani suna. Na farkon ne aiki, kuma nan ne Pizzolatto ya faɗi duk da kuɗin HBO. Dole a sami mutumin da mai karatu zai ji ciwonsa: maigadin da ya ga tankar da ta shiga ba ta cikin rajista, ko ƙaramin ma'aikacin awon ruwa da aka ce ya sake rubuta lambobinsa, ko mai lambun da ya san ruwan ba shi da kyau amma shi kaɗai ne ba ya ƙafewa da rani. Wannan na ƙarshe ya fi burge mu, don shi aka cuta kuma shi ke kai cutar kasuwa, kuma idan mai bincike ya zo, shi zai fara ɓoye gaskiya.

HBO dai ta jira har 2019 kafin ta fito da zango na uku tare da Mahershala Ali, inda marubucin ya koma tsarin jami'ai biyu da zamani uku, ya ba masu kallo abin da suka yi ta kuka a kai. Na huɗu, a 2024, wata ce daban ta rubuta shi, Issa López, ta kai labarin Alaska, garin da mahaƙar ma'adinai ta ɓata wa ruwan sha. A nan an nuna baƙin ruwan yana fitowa daga famfo, an nuna akwatunan gawar jarirai, kuma matan da ke share-share da aikin ƙarfi a garin su ne suka riƙe bakin zaren. Shi ma ya sha nasa sukan, har daga bakin Pizzolatto kansa.