Gadon Cézanne: Daga Dutsen Faransa Zuwa Ramukan Dareta

Masana tarihin zane suna kiran Paul Cézanne (1839–1906) uban zanen zamani. Ya daɗe alƙalan baje kolin Paris suna watsi da ayyukansa, bai kuma samu baje koli nasa shi kaɗai ba sai 1895. Shekara guda bayan mutuwarsa aka tara zane-zanensa a Paris, matasa irin su Picasso da Braque suka ɗauki salonsa na gina siffa da fallen launi a kan falle.

A ganina, abin da ya fi salon nan daraja shi ne naci. Cézanne ya koma garinsu Aix, ya zana dutsen Sainte-Victoire sau da dama, ya kuma lazimci tsohuwar mahaƙar duwatsu ta Bibémus, yana bin jajayen tsagoginta da ido har ya fahimci yadda ƙasar take a ciki.

Irin wannan komawa gida ta bayyana a Zariya a 1958, lokacin da ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu. Sun ƙi zama 'yan amshin shatan manhajar Ingila. Okeke ya rungumi uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya gwama shi da dabarun Turai. Wannan bajinta ce. Sai dai magada da yawa sun mai da darasin kwalliya: a liƙa dagi a kusurwa, a ce an dawo gida.

Dareta ce ke sa ni wannan suka. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙurar ba ta bambanta da ƙasar tsakar gida ba, inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, likitocin MSF kuma suka shiga jinyar waɗanda suka tsira.

Kyamarar 'yan jarida ta ɗauki kaburbura ta wuce. Ba ta iya nuna yadda ƙasa ɗaya ke ɗauke da arziki da ajali ba, domin wannan aikin mai haƙuri ne, wanda zai zauna a bakin rami shekara da shekaru kamar yadda Cézanne ya zauna a Bibémus. Wanda ya yi wa Dareta irin wannan kallo, ko da jar ƙasa da gawayi ya zana, shi zan kira magajinsa a Arewa.