Fitila Ba Ta Ƙara wa Kunne Ji

Daga Unguwar Boro zuwa kasuwar Sabon Tasha a Kaduna, kusan duk shagon da ake sayar da caja da gilashin waya yanzu sai ka tarar an rataye manyan hedifon a ƙofarsa, irin masu fitila kala-kala a gefen kunne, kwalinsu da hoton soja riƙe da bindiga, an rubuta 7.1 ɓaro-ɓaro. Su ake yayi. Yaron da ya daɗe yana tara kuɗi, in ya je saye abu biyu yake tambaya: yana kawo wuta? Yana da bes? In aka ce masa e, ciniki ya faɗa. A ganina wannan yayi yana cin aljihunmu, yana kuma ɓata mana yadda muke jin kiɗa, kuma na biyun ne ya fi damuna.

A unguwa irin tamu hedifon ya wuce kayan gayu. Da yawanmu a gidan haya muke, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, ɗaki ɗaya kai da ƙannenka. In an ɗauke wuta janareta su tashi ta ko'ina, ga injin niƙa, ga lasifikar masu biki. Mai son kallon fim a laftof da dare, ko buga Call of Duty, ko jin waƙa ba tare da Mama ta buga masa ƙofa ba, dole ya sa abu a kunne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, babu mai halin sayen na gem daban, na waƙa daban, na fim daban. Guda ɗaya za a saya, shi zai ɗauki aikin ukun.

Son bes ba a Kaduna ya fara ba. A 2008 kamfanin Beats na Dr. Dre da Jimmy Iovine ya fito da hedifon ɗinsa na farko, mai rugugi sosai, aka riƙa ganinsa a wuyan mawaƙa da 'yan ƙwallo har ya zama ado. A 2014 Apple ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3. Masu kwaikwayo suka ga inda kasuwa ta nufa, suka ɗauki siffar da rugugin. Sai dai bes mai tsabta aiki ne mai cin kuɗi, mai yawa kuwa kowa yana iya yinsa. Wanda ke iso mana a farashin talaka shi ne mai yawan. Kunnen ɗan Adam kuma haka yake: in sautin ƙasa ya yi ƙarfi, sai ya danne na samansa. Kamar miyar da aka cika wa magi ce, lomar farko da daɗi, amma ba ka ƙara jin daddawa ko kuka a cikinta.

Duk mai shakka ya sa waƙar Mamman Shata a irin wannan hedifon. Kalangu kiɗa ne mai magana, hawa da saukar muryarsa su ne daɗinsa, kuma a tsakiyar sauti suke zaune, inda muryar mutum take. Hedifon mai fitila sai ya mayar da shi dum-dum kawai, 'yan amshi kuma su koma can baya kamar daga wani gida suke amsawa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, duk armashinsa a kaifinta yake. In aka dushe kaifin, me ya rage? Haka waƙoƙin Zumuntar Mata da muke ji a coci-cocin unguwar nan: tulunan da ake bugawa da ma suna da nauyin sauti, in hedifon ya ƙara musu nasa, muryoyin matan sai su nutse, ka kasa raba mai ja da masu amshi. Yaron da ya tashi da irin wannan ji zai ɗauka tsofaffin waƙoƙinmu ne ba su da daɗi, alhali abin da ya sa a kunne ne ya hana shi jinsu.

Fim ma haka. Fina-finan Kannywood da na Indiya da ake fassarawa magana ce ginshiƙinsu, kuma ana ɗora muryar mai fassara a kan kiɗan fim ɗin na asali. In rugugi ya yi yawa, baƙaƙe su dushe, sai mutum ya yi ta ƙara sauti don ya kama abin da ake faɗa. Ɗan gem kuma, wanda don shi aka ce an ƙera abin, shi ya fi kowa asara. Takun abokin gaba a bayan bango, ƙarar canza harsashi, ɓangaren da harbi ya fito, duk a tsakiya da saman sauti suke. Fashewar gurneti tana girgiza kai, gaskiya ne, amma ba ita ke gaya maka ta ina za a ɓullo maka ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wajen samarinmu masu haɗa kiɗa da FL Studio a ɗakunansu. Suna da basira, wasunsu ba su da komai sai laftof na hannu da hedifon ɗaya. In wannan hedifon yana ƙara bes da kansa, mai haɗin zai ji kamar ya isa, ya rage. Ya ji murya ta dushe, ya ƙara mata kaifi. Ranar da aka sa waƙar a lasifikar biki sai ta fito a bushe, murya tana sukar kunne, yaro ya rasa inda ya yi kuskure. Ba a banza ba gidajen rediyo da situdiyo a duniya suke riƙe da Sony MDR-7506 tun 1991. Baƙi ne, ba ado ko ɗaya, amma abin da aka ɗauka shi yake gaya maka.

Maganar 7.1 gajeriya ce. Ainihinsa lasifika takwas ne da ake jerawa a ɗaki. Mai arahan nan da ke rataye a shago lasifika biyu ne a cikinsa, ɗaya kowane kunne, sauran dabarar manhaja ce. Irin dabarar nan tana cikin Windows 10 da 11 kyauta, sunanta Windows Sonic, kuma wasanni irin su Counter-Strike suna da tasu. Rubutun 20Hz zuwa 20kHz da ke jikin kwali kuwa iyakar jin kunnen mutum ne, kowa yana bugawa. Fitilar kuma kai da ka sa shi a kai ba ma ganinta kake ba.

Ina goyon bayan mai igiya, ba don tsufa ya kama ni ba. Bluetooth na yau da kullum yana jinkirta sauti da wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba za ka lura ba, a gem kuwa sai an harbe ka sannan ka ji ƙarar. In ka kunna makirfonsa don magana da abokan wasa, yawancinsu sautin sai ya koma irin na kiran waya. Ga batir, a garin da caji kansa lissafi ne.

Kafin ka biya, juya bakin igiyar ka dube shi da kyau. Zobe baƙi biyu a jikin ƙarfen, na ji ne kawai. Zobe uku, akwai makirfo, kuma zai shiga rami ɗaya na laftof ya yi aikin biyu. Kwamfutar tebur ramuka biyu gare ta, kore na ji, ruwan hoda na makirfo, don haka sai da 'yar igiyar da ke raba su. Da yawa sun mayar da kaya shago da faɗa a kan makirfo ba ya aiki, alhali wannan 'yar igiyar ce kawai babu. In kuma kana jin zuuu a kunne duk sanda caja ke jone da janareta, ƙaramin katin sauti na USB sau da yawa yana rage shi.

Masana sauti suna yabon hedifon mai buɗaɗɗen baya, irin wanda Sennheiser ya fara fitarwa a 1968, saboda faɗin sautinsa da shan iska. A nan unguwar mai rufaffen baya zan ba mutum shawara, domin buɗaɗɗen yana shigo da hayaniyar waje, yana kuma fitar da taka ga wanda ke barci kusa da kai. Sosonsa dai a lura da shi. Robar da ake yi kamar fata, zafin Maris da Afrilu da gumi suna sa ta ɓarɓashi. Mai yadi ya fi daɗewa, wanda ake cire sosonsa da igiyarsa a canza ya fi duka, don igiya ce ke fara mutuwa.

Masu araha na kirki suna nan. Akwai Superlux da Samson, akwai ƙananan iyafis irin su Moondrop Chu da 7Hz Zero da suka fito a wajen dala 20. Cikin na gem ma akwai na gaskiya: HyperX Cloud ya yi suna ne don sautinsa, ba shi da fitila. Abin tsoro shi ne jabu. In ka ga babban suna a farashin da bai kai kwatan na asali ba, sunan kawai aka buga.

Ka je shago da wayarka da waƙar da ka haddace tun kana yaro, da guntun fim mai yawan magana. Mai shago zai ce, "Oga, wannan ai sabo ne a kwali, ba a buɗewa." Ka ce masa, "Ɗan'uwa, in ba zan ji ba, ba zan saya ba." Mai kaya na gari yakan ajiye ɗaya na gwaji. Ka saurara da sauti ƙasa-ƙasa, don da ƙarfi kowane hedifon yana burgewa. Ka bar shi a kanka na ɗan lokaci ka ji ko yana matse maka kunne.

Gwajin ƙasa-ƙasan nan yana da wani dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauti mai ƙarfi, kuma ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 2025 ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan sautin wasannin bidiyo. Hedifon da ke ɓoye magana shi ke tura yatsa ga maɓallin ƙari, janaretan maƙwabci ya sa a sake ƙarawa. Yaron da ya cire hedifon tsakar dare ya ji kunnensa yana ƙara shi kaɗai, ya riga ya wuce ma'aunin, kuma ƙwayoyin jin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa.