Elsa ko Anna: Me Yara Suka Gani a Fim ɗin Frozen?

A watan Nuwamba na 2013 kamfanin Disney na Amurka ya saki Frozen, fim ɗin katun kan 'ya'yan sarki biyu mata, Elsa da ƙanwarta Anna. Kuɗin da ya tara a gidajen sinima na duniya ya haura dala biliyan ɗaya da miliyan 200, ya kuma lashe lambobin Oscar biyu, ɗaya ta fim ɗin kansa, ɗaya ta babbar waƙarsa. Sai dai abin da ya fi cancantar nazari shi ne 'yan kallon, domin kashi biyu ne, kuma kowane kashi da fim ɗin da ya gani. Manya sun ga darasi, wasu suka yaba, wasu suka kushe. Yara kuwa, musamman 'yan mata 'yan shekara uku zuwa bakwai, sun ɗauki wani abu dabam wanda ba shi masu yabo ke yabo ba, ba kuma shi masu suka ke tsoro ba. Duk wanda bai kula da wannan bambanci ba zai kai kukansa inda ba nan matsalar take ba.

Idan aka bi tsarin labarin, Anna ce jarumar fim ɗin. Ita ta hau dutse cikin tsananin sanyi tana neman yayarta, ita Yarima Hans ya yaudara da soyayyar ƙarya, ita ce kuma ta tare takobi da jikinta don ta ceci Elsa. Abin da ya burge iyaye da masu sharhi ke nan: a wannan karo ƙaunar 'yan'uwantaka ce ta warware sihiri, ba sumbar wani ɗan sarki ba, saɓanin abin da aka saba gani tun daga Snow White na 1937. To amma yara Elsa suka zaɓa. A 2014 shuɗiyar rigarta ta yi wuyar samu a shagunan Amurka har iyaye na sayenta da tsada a intanet, kuma a ƙarshen shekarar wani binciken ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ya nuna kayan Frozen sun ture 'yar tsanar Barbie daga matsayi na ɗaya a kayan wasan da ake shirin saya wa 'yan mata. Elsar nan ita ce ta daskarar da ƙasarta ta gudu, kuma da farko ma a matsayin muguwa marubutan suka tsara ta, sai waƙarta ta sa suka sauya tunani. Dalilin zaɓin yaran ba ɓoyayye ba ne. Yarinya 'yar shekara huɗu tana wuni tana jin bari, zauna, kar ki taɓa. Sai ga wata a allo wadda iyayenta suka rufe wa hannu da safa suka ce ta ɓoye baiwarta, rana ɗaya ta yar da safar, ta buga ƙafa ƙasa, fada sukutum ta tashi da ƙanƙara. Iko yaran suka gani, kuma shi suke kwaikwayo idan suka miƙa hannu suna cewa sun daskarar da kowa a gida. Haka yaranmu suke da Gizo a tatsuniya: ba halin kirkinsa suke so ba, yadda ƙaramin halitta ke juya zaki da kura ne ke faranta musu rai.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. 'Yar jarida Peggy Orenstein ta yi littafi guda a 2011 tana kokawa kan yadda al'adar gimbiya ke koya wa yarinya cewa darajarta tana ga kyanta. Elsa ma da siririn ƙugu da manyan idanu aka zana ta, kamar waɗanda suka gabace ta. Masana harshe Carmen Fought da Karen Eisenhauer sun ƙirga maganganun fim ɗin suka tarar maza ne ke da kashi 59 cikin ɗari, a labarin da aka ce na mata biyu ne. Sannan a 2016 Sarah Coyne ta Jami'ar Brigham Young ta wallafa bincike kan yara 198, inda ta ga waɗanda suka fi mu'amala da gimbiyoyin Disney sun fi nuna ɗabi'un da aka keɓe wa mata bayan shekara guda. Amma Coyne ba kallon fim kaɗai ta auna ba, har da wasa da 'yan tsana da sauran kayan gimbiya. Da ta sake bibiyar yaran bayan sun tasa, sakamakon da ta fitar a 2021 ya nuna masu son gimbiya a ƙuruciya sun fi yarda da daidaito tsakanin mace da namiji. Tun a 2009 ma Karen Wohlwend, wadda ta zauna da 'yan ajin reno tana kallon wasansu, ta lura 'yan matan na sauya labarin gimbiya idan ya gundure su, su ba ta abin yi maimakon barci da jira. Yaro ba ya haɗiye fim yadda aka ba shi. Yana tsintar abin da ya dace da buƙatarsa ya bar saura.

Inda abin ya fi damuna shi ne abin da kasuwa ke yi da wannan zaɓi na yara. Wajen shekarar 2000 wani jami'in Disney, Andy Mooney, ya ga 'yan mata a wani wasan kamfanin sanye da rigunan gimbiya ɗinkin gida, daga nan aka tattara gimbiyoyin aka mai da su haja guda. Iko ba ya shiga kwali, amma riga da kambi da takalmi suna shiga. Shi ya sa yarinyar da ta so Elsa don ƙarfinta, abin da ake miƙo mata a shago shi ne kwalliyar Elsa. An ga wannan ƙarara a 2013 lokacin da aka sake zana Merida ta fim ɗin Brave don kayan sayarwa, aka rage mata ƙugu, aka ƙara mata ado, aka raba ta da kwari da bakanta. Mutane fiye da 200,000 suka sa hannu a takardar koke, Brenda Chapman da ta ƙirƙiro ta ta fito ta yi tir, kamfanin ya cire hoton daga shafinsa. Mu ma nan ta wannan hanya Elsa ta fi iso mana: a jikin jakar makaranta da gorar ruwa da kek ɗin murnar haihuwa, a hannun yaran da wasunsu Turancin fim ɗin ma bai gama shiga kunnensu ba.

Wani zai ce kukan iyaye ba ya motsa kamfani mai girman Disney. Tarihi bai goyi bayansa ba. Ƙorafin Larabawan Amurka ya sa an gyara baitin waƙar farko ta fim ɗin Aladdin a 1993, kuma al'ummar Sami ta arewacin Turai, wadda aka ari al'adunta a Frozen, ta samu yarjejeniya kafin kashi na biyu ya fito a 2019, har aka juya shi zuwa harshenta. Ƙorafi yana aiki idan ya san inda ya dosa. Don haka kafin uwa ko uba su hana kallo ko su sayo riga, su zauna su kalli fim ɗin tare da 'yarsu, su tambaye ta wa take so a ciki da dalilinta, sannan su duba ko abin da za su saya mata ya yi daidai da amsar da ta ba su.