Sunan kaka a takardun Nasara: sake karanta littafin André Salifou kan yaƙin Kawsan

Hausawa kan ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Tun da babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya zuba tsofaffin jaridu a shafinsa na Gallica, ɗan lakwal a Aderbissinat na iya rubuta sunan kakan kakansa a wayar salula, ya jira abin da zai fito. A Turai, mai irin wannan bincike yakan tarar da labarin zaman kotu ɗungurungum, har da abin da wanda ake tuhuma ya faɗa da bakinsa. A nan kuwa, lokacin da aka yi yaƙin Kawsan babu jaridar da ke aika wakili kotun Agadas ko ta Damagaram. Abin da ya rage shi ne jaridun Paris, da jaridar gwamnati ta Dakar, da rajistocin da ke ajiye a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. A cikinsu sunan kaka kan zo a karkace yadda kunnen tafinta ya ji shi, a gefensa kuma kalma ɗaya: pillard, rebelle ko dissident, wato ɗan fashi, ɗan tawaye, mai ƙin bin hukuma.

Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata malamai su koma ga littafin marigayi André Salifou, ɗan Damagaram, mai suna Kaoussan ou la révolte sénoussiste, wanda ya fito a jerin Études nigériennes a shekarar 1973. Labarin sananne ne. A watan Disamba na 1916 Kawsan ya kewaye barikin Faransawa na Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa farkon Maris na 1917 da rundunar Kanar Mourin ta iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya shi ne kisan mutane sama da ɗari a cikin birni, har da malamai, ba tare da shari'a ba. Aderbissinat na tsakanin Tanut da Agadas, a kan hanyar ayari da ta soja, don haka ba labarin nesa ba ne ga mutanen yankin.

Babbar darajar littafin ita ce ya ɗauki mutanen da takardun mulkin mallaka suka lissafa a layin masu laifi, ya ba su matsayin masu tarihi, masu dalili da manufa. Ga ɗalibin da ya tsinci sunan gidansu a cikin rahoton kwamanda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shari'ar wancan zamani tana buƙatar bayani kafin a gaskata hukuncinta. A ƙarƙashin dokar indijena, kwamanda na da ikon jefa mutum gidan kaso kwana 15 ba tare da alƙali ba, kuma a kotun serkal da dokar 1903 ta kafa, shi ne ke zaman shugaba. Sai a 1946 aka soke wannan tsari. Ƙin ba da raƙumi ga soja laifi ne, gudun aikin tilas laifi ne, ƙaura da garke ba izini ma tana iya zama laifi.

Sai dai littafin yana da rauni tun daga sunansa. Kiran yaƙin da tawayen Sanusiyya gado ne daga bakin hafsoshin Faransa, waɗanda ke ganin hannun wannan ɗariƙa a bayan kowane motsi na Sahara. Gaskiya ne Kawsan ya yi mubaya'a ga Sanusiyya kuma ya zo da makamai daga arewa. Amma a shekarar da littafin ya fito, Finn Fuglestad ya ja hankali ga dalilai na cikin gida, kuma wanda ya san yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da haraji, da ƙwacen raƙuma, ba zai yi mamakin tashin Abzinawa ba. A 1995 kuma Jean-Louis Triaud ya nuna yadda Faransawa suka gina wa Sanusiyya baƙin suna tun ƙarni na 19. Marubucin da ya wanke mutane daga tuhuma, amma ya bar kalmar mai tuhuma a bangon littafinsa, ya yi rabin aiki ne a wannan wuri.

Ƙarshen Tagama ya isa darasi a aji. An kama shi, aka tsare shi a Damagaram, ya mutu a kaso a 1920. Maganar farko ta hukuma ita ce ya kashe kansa. Daga baya ta bayyana cewa kashe shi aka yi da umarnin wani hafsan Faransa. Yau sunansa ne a ƙofar lise ta Agadas. Da jikansa zai tsaya kan rahoton farko kaɗai, da ya gaji abin kunya da ba na kakansa ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi wuyar faɗa, wanda rubuce-rubucen shekarun bayan ƴancin kai, da ƙishin jarumai ya cika su, ba su cika tsayawa a kai ba. Ba kowane suna da ke cikin rajista ba ne na jarumi. An kai hare-hare kan manoman Damargu tun kafin zuwan Nasara. An ci gaba da sayar da mutane a ɓoye bayan dokar Disamba 1905 da ta haramta cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa. Wani kakan da aka ɗaure, yaro ya sace ya sayar, kuma kwamanda, duk da zaluncinsa, bai yi ƙarya a kansa ba. Duk ƙungiyar al'adun da ta yi shirin tattara tarihin gidaje a Aderbissinat za ta haɗu da wannan ko ba jima ko ba daɗe, domin jikan wanda ya kai harin da jikan wanda aka kama suna zaune a benci ɗaya a koleji, Ba'abzine da Bahaushe da Bafillace da Balarabe. Takardar Aix tana da sunan ɗaya daga kakannin biyu. Sunan ɗayan yana bakin tsofaffi mata, waɗanda har yanzu ba a je an ɗauki muryarsu ba.