Ɗakuna 2,805 Kafin Azahar

Ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, jirgin ruwan nan mai suna Icon of the Seas yakan shigo tashar Miami ta jihar Florida a Amurka, ya kwanta a bakin gaɓa. Jirgin yawon shaƙatawa ne na kamfanin Royal Caribbean, an ƙera shi a birnin Turku na ƙasar Finland, ya kuma fara ɗaukar fasinja a watan Janairun 2024. Tsawonsa ya kai kusan mita 365, ɗakunan kwanan fasinjansa 2,805 ne, idan ya cika maƙil yana ɗaukar mutum 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Waɗanda ya shigo da su da asuba sun cinye makonsu a teku, yau za su sauka. Kafin rana ta faɗi kuma zai tashi da wasu dubban mutane daban, waɗanda kowannensu zai kwanta a kan gadon da wani ya tashi daga kai da safe.

Sabon fasinja yakan shiga jirgi tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ya ja 'yar jakarsa zuwa benen da ɗakinsa yake, sai ya tarar da ƙatuwar ƙofar ƙarfe a rufe a bakin lungun ɗakunan, an manna mata takarda: a yi haƙuri, ɗakuna ba su kammala ba. A jiragen Royal Caribbean wajen ƙarfe ɗaya na rana ake buɗewa, a na Carnival kuwa ɗaya da rabi, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Sai ka ga mutum ya koma wajen cin abinci yana ƙunƙuni, wai ya biya kuɗi mai tsoka amma an hana shi wurin ajiye jaka. Ni kam abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake iya buɗe ƙofar nan da ƙarfe ɗaya, ba da ƙarfe shida na yamma ba.

A otal, ana sallamar baƙo da ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyu, a karɓi sabo da ƙarfe uku. Kuma ba duka baƙin otal ne ke tafiya rana ɗaya ba: wani yau ya zo, wani jibi zai tafi, wani ɗakin ma babu kowa a ciki tun shekaranjiya. Jirgi ba shi da wannan sararin. Kusan duk ɗakunansa safiya ɗaya suke zama wayam, kuma rana ɗaya suke sake cika. Ana roƙon masu sauka su bar ɗaki wajen ƙarfe takwas na safe. Daga takwas zuwa ɗaya awa biyar ke nan. Mai gyaran ɗaki guda yakan riƙe ɗakuna goma sha biyar zuwa ashirin, a wani jirgin ma fiye da haka. Idan ashirin ne, lissafi ya ba kowane ɗaki minti goma sha biyar. A cikinsu za a yaye gado, a shimfiɗa sabo, a wanke banɗaki, a goge madubi da gilashin baranda, a share kafet, a kwashe shara, a duba kowace durowa. Wanda ya taɓa ganin yadda mata ke wuni cur suna jeren ɗakin amarya guda ɗaya zai san minti goma sha biyar ba komai ba ne.

To ta yaya ake yi? Amsar ba a saurin hannu take ba, ko da yake hannun nasu na da sauri. Gwanin mai gyaran ɗaki tun jiya ya fara aikin yau. Da yammacin ranar ƙarshe a teku zai loda amalankensa: zannuwan gado a ninke, na kowane ɗaki a haɗe da rigunan filonsa, tawul manya da ƙanana, sabulu, takardar banɗaki. Zai karɓi jerin sunayen masu zuwa gobe daga shugaban sashensa, ya zauna ya karanta shi ɗaki bayan ɗaki. Takardar nan ita ce rabin aikin. Gadon ɗakin jirgi ƙananan gadaje biyu ne da ake haɗawa su zama babba ɗaya. Idan mata da miji ne suka tashi, wa da ƙani ne za su shigo, sai a raba. Idan iyali ne mai yara, akwai gadon sama da ake saukowa da shi daga rufi, akwai kujerar zama da ake buɗewa ta zama gado, wani ɗakin kuma yana bukatar gadon jariri. Wanda bai karanta takardarsa ba zai shimfiɗa gado lafiya lau, sannan ya dawo ya warware, kuma mintin da ya ɓata ba zai dawo ba.

Da dare kuma ga akwatuna. Fasinja kan ajiye manyan akwatunansu a ƙofar ɗaki kafin wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, kowanne da 'yar takarda mai launi ko lamba da ke nuna lokacin saukarsa. Ma'aikatan sashen ɗakuna da masu taya su daga wasu sassa su ne ke kwashe su, su saukar da su ta lif ɗin ma'aikata zuwa doguwar hanyar da ta ratsa cikin jirgin daga gaba zuwa baya a ƙasa, wadda ma'aikata ke kira I-95, sunan babban titin da ya bi gabashin Amurka har Miami. A nan ake jera su cikin kejin ƙarfe, launi da launi, don da safe injin ɗaga kaya ya fitar da su ba tare da an tsaya nema ba. Mutumin da zai shimfiɗa gado ashirin da safe, da shi aka yi dakon akwati da dare.

Da safiya ta yi, ba ya ɗaukar ɗaki ɗaya ya gama shi tas sannan ya shiga na gaba, yadda mai sabon hannu zai yi. Ba zai yiwu ba ma, domin mutane ba sa fita bi da bi. Wani ya sulale tun ƙarfe shida da rabi da akwatinsa a hannu don ya kama jirgin sama, wani har takwas ta gota yana neman takalmin ɗansa. Mako guda ya yi yana gaisawa da mutanen nan safe da yamma, ya san mai sammako, ya san wanda sai an ƙwanƙwasa masa. Da wannan sanin yake tsara hanyarsa. Da ɗaki ya zama wayam, abu na farko shi ne yaye zannuwa da kwashe tawul, a tura su ɗakin wanki da ke can ƙasan jirgi, inda manyan injina ke wankewa, wasu su goge, su ninke. Na biyu, ya fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a banɗaki ya fita abinsa zuwa ɗaki na gaba. Wannan ba gaggawa ba ce. Maganin yana bukatar ya zauna a jiƙe na wasu mintuna kafin ya yi aiki, wanda ya fesa ya goge nan take ya yi aikin banza. Gwani yakan bar maganin yana aikinsa a ɗaki na uku, shi yana shimfiɗa a na biyu, amalankensa kuma na tsaye a tsakiya don kada ya yi taku ɗaya a banza.

Maganar tsafta a jirgi ba ta ado ba ce. Babban abin tsoronsu wata ƙwayar cutar amai da gudawa ce da ake kira norobairos, mai saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe, mai kuma daɗewa a kan mariƙin ƙofa da makunnin wuta da rimot ɗin talabijin. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya mata wani abin kirki, sai sabulu da ruwa, sai bilic da makamantansa. Shi ya sa tsumman masai daban, na wurin wanke fuska daban, na teburi daban, kowanne da launinsa. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take da shirin duba tsaftar irin waɗannan jirage. Jami'anta kan faɗo ba sanarwa, su ba da maki bisa ɗari, kuma jirgin da ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. Ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Ɗakin da aka san wani ya kwanta rashin lafiya a ciki, ba a barin mai gyaran yau da kullum ya shiga da tsummansa, wata ƙungiya ce ta musamman ke yi masa wankin tsarki. Idan cutar ta yi yawa a tafiyar da ta ƙare, har shigar sababbin fasinja akan jinkirta don a bi jirgin lungu da saƙo.

Akwai wani ɓangare na aikin da ya fi burge ni, shi ne bin sawun mantuwa. Ɗakin jirgi ƙarami ne, yawanci murabba'in mita 14 zuwa 17, amma cike yake da maɓoya: ƙarƙashin gado, bayan labule, saman kabad, cikin ƙaramin firji, sai kuma akwatin ƙarfen ajiyar kuɗi. Mai gyara yana da hanya ɗaya da yake bi a kowane ɗaki, daga ƙofa ya zagaya ya dawo ƙofa, ba ya sauya ta, don hannu ya riƙa tunawa ko da kai ya gaji. Fasfo ko maganin wani da aka tsinta da ƙarfe takwas da rabi ana iya riskar mai shi kafin ya bar tasha. Wanda aka tsinta da ƙarfe ɗaya kuwa, mai shi ya yi nisa. A wannan zagayen ne kuma yake gwada kowane ƙwan fitila, ya danna masai ya ji ko yana zuƙa, ya ƙirga rigunan ceto idan a ɗaki ake ajiye su, ya kira masu gyara tun da sauran lokaci.

Duk wannan yana gudana ne yayin da jirgin kansa ke jiran wani lissafi. A tashoshin Amurka, jami'an kwastan da shige da fice ba sa barin sabon fasinja ya hau sai an tabbatar tsofaffin sun sauka duka, ba saura ko mutum ɗaya. Hatta waɗanda suka sayi mako biyu a jere sai an tara su an bi da su gaban jami'ai. Mutum ɗaya da ya yi nauyin barci yana iya tsayar da dubbai a layi. Da an tabbatar kowa ya sauka, sai a fara shigar da sababbi, ba don ɗakuna sun kammala ba, sai don tantance mutum dubu shida ko bakwai aiki ne na awowi, ba za a jira ƙarfe ɗaya a fara ba. Abin da ya sa ake tura su wajen abinci da wurin wanka ke nan, a kuma rufe ƙofofin lungu. Lungun nan ƙunci gare shi, a lokacin cike yake da amalanke da buhunan wanki da injin shara. Mutum goma masu "jakata kawai zan ajiye" sun isa su rusa tsarin bene guda. Kamfanin Carnival ma ya mayar da wannan ƙaguwar hanyar samun kuɗi, yana sayar da wani tikiti na daban da ke ba mai shi damar kai kayansa ɗaki da wuri. A ganina kuɗin aljihun kamfani suke shiga, nauyin kuma kan mai gyaran da dole ya tsallake tsarinsa ya fara da ɗakin mai tikiti yake sauka.

Su waye masu aikin? Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonusiya da Indiya, sai na wasu ƙasashe da dama, suna kwantiragin wata shida zuwa tara, kwana bakwai a mako, babu ranar hutu cikakkiya. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce dole ma'aikacin jirgi ya samu hutun aƙalla awa goma cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, kuma ba a raba hutun yini fiye da kashi biyu. Shugaban sashen ɗakuna a cikin wannan iyakar yake tsara dakon dare da gyaran safe, wannan ma gwaninta ce ta kanta. Kaso mai yawa na abin da suke samu daga tukwicin da ake ɗora wa fasinja kullum yake fitowa, wanda a manyan kamfanoni yake kaiwa wajen dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum, a raba tsakanin masu ɗaki da masu abinci da wasu.

Idan shugabannin bene sun zagaya sun duba, sai su sanar da ofis, a yi shela ta lasifika cewa ɗakuna sun kammala, a buɗe ƙofofin. A jirage da yawa katin buɗe ɗaki yana cikin ambulan a bakin ƙofa yana jiran mai shi. Sai dai akwatin fasinja bai iso ba tukuna, domin yana can ana haskawa a tasha, zai hau lif da rana ko da yamma, wani lokaci har bayan jirgi ya tashi. Wanda ya san hanya yakan riƙe maganinsa da takardunsa da kayan canji a hannu. Kafin tashi kuma akwai atisayen ceto, wanda ya zama dole a yi shi kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya bari, dokar da aka tsaurara bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Masu gyaran ɗaki na da aikinsu a nan ma, domin idan an kaɗa ƙararrawa su ne ke bin ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya su tabbatar babu wanda ya maƙale a ciki.

Da yamma sai mai gyaran ɗaki ya sake bin lungunsa, wannan karon da murmushi da ɗan katinsa, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana gabatar da kansa, yana haddace sababbin sunaye arba'in ko hamsin. A nan ne abin da takarda ba ta faɗa ba yake fitowa. Wannan na son ƙarin filo, waccan na son ƙanƙara don maganin ciwon sukarinta, wani ya zo da injin taimakon numfashi na dare yana neman doguwar waya da tataccen ruwa, wasu biyu kuma an rubuta musu gado ɗaya alhali abokan aiki ne. Zai rubuta duka a ɗan littafinsa, ya jira su tafi cin abincin dare, ya shiga ya raba gadon.