Aikatau phēmi na tsohon Girkanci: ina “ce” ta isa, ina ta gaza?

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tana sukar al'adar fassara phēmi da “dire” na Faransanci, sannan a mayar da shi “ce” a Hausa. Hujjarmu ita ce, phēmi ya fi kusa da tsayawa kan magana, wato mai magana ya ɗauki nauyin abin da ya faɗa. Tun 1946 Henri Fournier ya keɓe littafi guda ga aikatau masu ma'anar faɗa a Girkanci, amma bambancin yakan ɓace in aka bi ta Faransanci.

2. Sigogi

Tilo: phēmi, phēs, phēsi. Jam'i: phamen, phate, phasi. In ban da phēs, duk suna jingina karinsu ga kalmar da ta gabace su. Shuɗaɗɗe shi ne ephēn, mai zuwa kuwa phēsō. Zuben Atina yakan ari phaskōn, “mai cewa”, daga phaskō. Tushen ɗaya ne da na phēmē, “jita-jita”, da fama na Latin.

3. Inda Hausa ta fi dacewa

A tsakiyar zance, ephē daidai yake da “in ji shi”. Haka phasi, idan ba a ambaci mai magana ba, aikin “wai” ko “an ce” yake yi. A nan Hausa ba ta buƙatar ɗan tsakani.

4. Inda ake tuntuɓe

Matsalar tana ga korewa. Girkanci yana sa ou gaban phēmi, alhali abin da aka faɗa ne ake korewa. Saboda haka ou phēsin eidenai na nufin “ya ce bai sani ba”. Wanda ya bi kalma da kalma zai rubuta “bai ce ya sani ba”.

A ɗauki misalin shari'ar iyakar gona gaban mai gari a Gangara ta Damargu. Shaidan da bai ce gonar ta wane ce ba, shiru ya yi. Wanda ya ce ba tasa ba ce, musu ya yi, kuma ana iya neman ya rantse. Mai fassarar da ya haɗa su ya sauya hukunci.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara a koya wa ɗalibai ou phēmi a matsayin kalma guda, “musa”, kuma a riƙa duba Girkancin kansa kafin a amince da “dire”.