Tagwayen Daura da Bakwai Ɗin da Aka Kira Banza

Al'ummai da yawa, in za su ba da labarin asalin birninsu, sukan sa 'yan'uwa biyu a bakin ƙofa, sau da yawa kuma tagwaye. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Yana da Hasan da Husaini, yana da Gambo mai bi musu, tsofaffi kuma sukan ce kunama ba ta harbin tagwaye. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne aikin da kowane labari yake sa tagwayensa su yi, gama a nan ake gane abin da mutanen birnin suke so a gaskata game da su da maƙwabtansu.

Helenawan dā sun ce Amfiyon da Zetus ne suka gina ganuwar Tebes, birni mai ƙofofi bakwai. An yar da su a kan dutse tun suna jarirai, makiyaya suka goye su. Da suka girma, Zetus ya riƙa ɗaukar duwatsu da ƙarfin damtse, Amfiyon kuwa ya kaɗa molonsa, duwatsu suka bi kiɗan suka hau kan juna. Amma kafin gini sai da suka ɗaure sarauniya Dirke a jikin bijimi don ramuwar wulakancin da ta yi wa uwarsu. Wannan ramuwa ce masassaƙa suka zaɓa suka sassaƙa a babban farin dutsen da aka tono a Roma cikin ƙarni na 16, wanda yake gidan kayan tarihi na Nafoli. Romawa kuma suka ce Romulus da Remus ne suka kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Almasihu, Romulus kuwa ya kashe ɗan'uwansa a kan gardamar ganuwa. Har Littafi Mai Tsarki ya ambaci irin waɗannan, gama jirgin Iskandariya da ya ɗauki Bulus daga Malita yana da alamar Tagwaye, wato Kastor da Polukis, waɗanda matuƙa jirgi suke dogara gare su (Ayyukan Manzanni 28:11).

Labarin Daura ya bi wata hanya dabam. Bayajida ya baro gabas, ya ratsa Barno, ya bar matarsa a Biram inda ta haifa masa ɗa, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya auri sarauniya Daurama. Ɗansu Bawo ya haifi 'ya'ya shida, waɗanda suka zama sarakunan Daura, Katsina, Zazzau, Kano, Rano da Gobir. In aka haɗa da Biram, ga Hausa Bakwai. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa an faɗa masa Katsina da Zazzau tagwaye ne, Kano da Rano ma haka.

A nan labarin ya cancanci yabo. Ba Remus a cikinsa, ba wanda ya zub da jinin ɗan'uwansa a gindin ganuwa. Maimakon haka aka raba musu aiki kamar yadda maigida yake raba wa 'ya'yansa: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Tarihi ya nuna Kano da Katsina sun yi ta yaƙi da juna ƙarni bayan ƙarni. Duk da haka labarin ya dage cewa jininsu ɗaya ne, ya ajiye wa masu sulhu abin da za su kama. Wannan hikima ce, ta kuma fi ta Romawa.

Amma fa ciwon yana nan, an dai matsar da shi gefe ne. Kafin Daurama ta haihu, ta ba Bayajida kuyangarta, wadda ake kira Bagwariya. Ita ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Da sarauniya ta haifi nata sai ta kira shi Bawo, wato a mayar mata da garinta. Sunayen nan biyu faɗan kishiyoyi ne tsantsa. Daga Karɓagari aka ce an sami Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nufe, Kwararrafa da Yarabawa, aka kuma laƙaba musu Banza Bakwai. Romulus ya kashe ɗan'uwansa sau ɗaya aka gama, wannan kalma kuwa tana suka duk lokacin da aka karanta ta a aji.

Labarin da kansa ba ya goyon bayan kalmar. Karɓagari ɗan Bayajida ne, ya kuma girmi Bawo. Tarihi ma bai goyi bayanta ba. Kabi a ƙarƙashin Kanta ta fi ƙarfin maƙwabtanta a ƙarni na 16, Kwararrafawa kuma sun kai yaƙi har cikin birnin Kano a ƙarni na 17. Wanda ya iya karya ƙofarka, da wuya ka kira shi banza da gaskiya. Ga alama masu tsara labarin suna so su amince da dangantaka, suna kuma so su riƙe fifiko, sai suka ba maƙwabta uba suka hana su daraja.

Wannan magana ta shafi masu karanta Hausa a ko'ina. A Meiganga, kamar a Ngaundere da Garwa, fataken Hausawa sun zauna tare da Gbaya, Mbum da Fulani, sun yi ciniki, sun yi auratayya. A majami'u da yawa na arewacin Nijeriya, Bagwari da Bajukune suna raira waƙa ɗaya da Hausa. Yaron da ya ji malami ya kira kakanninsa banza, da wane ido zai dubi harshen da yake addu'a da shi? Isra'ilawa ma suna da labarin tagwaye, Yakubu da Isuwa, waɗanda suka fara kokawa tun a ciki. Amma Attaura ta hana su ƙyamar Ba'edome, jikan Isuwa, domin ɗan'uwansu ne (Maimaitawar Shari'a 23:7).

Talakawa sun riga masana gyara wannan wuri. Bakatsine da Banufe abokan wasa ne, haka Bagobiri da Bayarabe. Sukan tsokani juna a kasuwa, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗayan, a rabu da dariya. Ba a irin wannan wasa sai da ɗan'uwa. Saboda haka iyaye da malamai su ci gaba da ba yara labarin Kusugu, gama labari ne mai kyau, rijiyar kuma tana nan a Daura har yau. Amma in sun zo kan 'ya'yan Karɓagari, su kira kowace al'umma da sunanta, su kuma tuna wa yara cewa kakan bakwai ɗin nan shi ne kakan waɗancan bakwai.